Millennium Park na Abuja: zane mai kyau, amma ruwa da inuwa ne ke yanke hukunci

Millennium Park lambun shaƙatawa ne da ke unguwar Maitama, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton, kuma faɗinsa ya kai hekta 32. Manfredi Nicoletti, masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, shi ya tsara shi, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila kuma ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003. An rufe shi a 2020 lokacin annobar korona, aka sake buɗewa a 2022.

Wani rafi ne ya raba lambun gida biyu. Ɓangaren da ke tsallake an bar shi kusa da yadda daji yake, da itatuwa da tudu da gangare. Ɓangaren babbar ƙofa kuwa tsarin lambun Italiya ne tsantsa: miƙaƙƙiyar hanya da aka shimfiɗe da farin dutsen tarabatin, tafkunan feshin ruwa a jere, da shukoki masu launin rawaya da ja da aka dasa suna lanƙwasa. An saita hanyar ne ta yadda ido zai tashi daga wani ƙaton rimi ya sauka a kan dutsen Aso. Wannan dabara ta yi, babu ja. Duk mai son ganin dalilin da ya sa amare da angwaye ke tururuwa nan ɗaukar hoto, ya tsaya a bakin hanyar da la'asar sakaliya.

Matsalar ita ce tsarin ya ta'allaƙa a kan ruwa, alhali Abuja na yin kusan wata biyar babu ruwan sama, daga Nuwamba zuwa Maris. Ciyawar da ake so ta zauna kore shar tana shan kamar lita 25 a kowane murabba'in mita duk mako. A hekta ɗaya kaɗai lita 250,000 ke nan. Da an ɗan yi sakaci da ban ruwa, cikin mako biyu ko uku sai ta koma ruwan ƙasa, kuma wuraren da aka fi takawa su ne ke fara zama tsurar ƙasa. Shi ya sa wanda ya zo a Agusta da wanda ya zo a Fabrairu za su yi musu kamar ba wuri ɗaya suka je ba.

Tafkunan feshin ma haka. Muddin injin yana juya ruwa, suna sanyaya iskar hanyar, wanda shi ne ainihin aikinsu. Ranar da aka kashe shi, ƙurar hunturu da busasshen ganye su toshe matatar ruwan, gansakuka ta kama bango, sauro kuma ya samu wurin ƙyanƙyasa, don kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo. Tafkin da ba za a iya kunnawa kullum ba gara a kwashe ruwansa. Shi kuma tarabatin dutse ne mai ƙananan ramuka, yana shan datti. Da damina idan ba a goge shi ba yakan yi santsi, musamman inda feshi ke sauka, sai a riƙe hannun yara da tsofaffi a nan.

Sai inuwa. Miƙaƙƙiyar hanyar a buɗe take, farin dutsen kuma yana mayar da hasken rana cikin ido. A watan Maris, da zafi ke haura digiri 35, ba mai zama a kanta da tsakar rana. Jama'a sun warware wa kansu matsalar: kowa ya ɗauki tabarmarsa ya nufi gindin itace. Amma wannan ma da kuɗinsa, domin yawan zama na danƙare ƙasar gindin, ruwa ya daina ratsawa, saiwa ta rasa iska. Maganinsa sananne ne, a huda ƙasar da cokalin lambu mai yatsu zurfin santimita 10, a zuba taki ruɓaɓɓe, a rufe da busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 8 ba tare da ya taɓa jikin itacen ba, sannan a killace wurin na wasu makonni. Rimi kansa, duk girmansa, yana kakkaɓe ganye da rani, daidai lokacin da ake neman inuwarsa. Da an ƙara jeren tsamiya ko maɗaci a gefen filayen zama, da an samu mafaka ba tare da an toshe hangen dutsen ba.

Ga iyali masu son shimfiɗa tabarma yara su yi guje-guje, samun fili irin wannan a tsakiyar Abuja sai an tona. Mai son nazarin shukoki kuwa ya tsallaka rafin, can ne itatuwan suka fi yawa da iri-iri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, da safe ko bayan ƙarfe 4 na yamma. Ranakun Sallah da Kirsimeti wurin kan cika maƙil, kuma ciyawar kan ɗauki makonni kafin ta farfaɗo daga tattakin.