Kolibri, Plickers ko Google Classroom: wacce za ta yi wa malamin ajinmu aiki?

'Yan uwa malamai, kafin ka saka kowace manhajar koyarwa a wayarka ka fara tambayar ta abu biyu: in babu netwok tana aiki, kuma dole ne sai kowane yaro ya riƙe waya a hannunsa? Yawancin waɗanda ake ta tallatawa a wajen bita a nan suke faɗuwa, domin an ƙera su ne don ajin da yara ashirin ke zaune kowa da kwamfutarsa, wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa aji ɗaya sai ka ƙirga kai saba'in ko fiye, wasu a ƙasa, wayar da ke ajin kaf ta malam ce, ita ma cajinta rabi. Akwai tambaya ta uku da na ƙara daga baya, wato ko tana neman lambar katin ATM, zan zo kanta.

Google Classroom dai kowa ya san ta, manhajar tura wa ɗalibai darasi da aiki ta intanet, tun 2014 take, kyauta ce kuma tana da tsari, amma sai ɗalibi na da imel da data, don haka ta 'yan kwaleji ce da jami'a da makarantun kuɗi masu tsada. Kahoot ta 'yan Norway wasan tambaya da amsa ce mai daɗi, kiɗa da ihu da gasa, sai dai ba wayoyi ba Kahoot, kuma ta kyautar tana da iyakar yawan waɗanda za su shiga. Na wuce su.

Wadda nake so na daɗe a kanta ita ce Kolibri. Wata ƙungiya ce da ba ta neman riba a Amurka mai suna Learning Equality ta yi ta, su ne a baya suka yi KA Lite da ke ba mutum damar kallon darussan Khan Academy ba tare da intanet ba. Kolibri daga tushe don wuraren da babu intanet aka gina ta, ba wai daga baya aka liƙa mata wannan ba, kuma kyauta ce ƙwandala ba ka biya. Yadda take aiki shi ne ka saka ta a laftof ɗaya, ko tsohuwa ce ba komai, tana hawa Windows da Linux, tana hawa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da ba ta fi tafin hannu ba, akwai ta Android ma. Sau ɗaya za ka nemi wajen da intanet ke da ƙarfi ka sauke darussan da kake so, daga nan ka gama da data. In ka zo makaranta ka kunna rawuta ko hotsifot ko da babu ko megabayit ɗaya a ciki, duk wata waya ko kwamfuta da ta hau wannan wayifai ɗin za ta buɗe burauza ta rubuta lambar adireshin da Kolibri ta nuna maka, mai ƙarewa da 8080, sai ga darussa sun fito. Makarantun da aka taɓa raba wa kwamfutoci suna can a ɗaki an lulluɓe su da leda ƙura ta rufe saboda sabis ɗin intanet ya ƙare tun shekarar farko, wallahi wannan ce maganinsu.

Me ke ciki? Akwai Khan Academy, lissafi tun daga ƙirge har na 'yan sakandare da bidiyo da aikin gwaji. Akwai littattafan yara na African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, kuma a shafinsu akwai labarai da Hausa da za ka iya saukewa ka buga a takarda, malaman firamare ɗaya zuwa uku ku riƙe wannan. Sannan akwai PhET na Jami'ar Colorado, wato gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a kwamfuta, wanda Carl Wieman mai kyautar Nobel a fiziks ya kafa a 2002, shi ne ya fi tafiya da ni. Ka ɗauki darasin wutar lantarki na Basic Science, ba ka da lab ba ka da komai sai alli. A PhET yaro zai jawo batir da linzami, ya jawo waya da ƙwan fitila ya haɗa, ƙwan ya kama, ya ƙara batir na biyu haske ya ƙaru, in kuma ya haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye ba ƙwai a tsakani sai ka ga wuta ta kama batirin a kan allon kwamfuta. Ajin gaba ɗaya sai ya ɗau ihu, kuma daga ranar ba sai ka sake yi musu dogon bayani kan abin da ke ƙona wayoyin gida ba.

Ɓangaren malami ma ba laifi, kana buɗe aji ka zuba sunayen yara, ka haɗa darasi, ka haɗa musu tes, ita za ta yi maki ta nuna maka wa ya gama wa ya maƙale a tambaya ta nawa. Ana iya juya maɓallanta zuwa Hausa. Kuma abin da ya fi, in ka sauke darussa za ka iya kwafe su a filas ka kai wa makarantar maƙwabta su zuba a tasu, ba sai kowa ya ƙona data ba. Tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 muke ganin yara masu ƙoƙari suna rikicewa a ɗakin jarrabawa don ba su taɓa riƙe linzami ba, to ko wannan kaɗai ya isa dalili.

Tana da nata matsalolin fa. Yawancin bidiyon da Turancin Amurka ne kuma an jera su bisa azuzuwansu na can, ba bisa tsarin karatunmu na NERDC, hukumar da ke tsara abin da ake koyarwa a makarantunmu, ba, dole ka zauna da sikim ɗinka a gefe kana tsinto wanda ya dace da mako na nawa. Kuma kar ka kuskura ka danna sauke komai, Khan Academy kaɗai gigabayit ne masu yawan gaske, zaɓi batutuwan ajinka kawai. In laftof ɗaya ce a makarantar kaf, nemi talabijin da wayar HDMI ko furojekta, da ɗan sola.

Ta biyu a wajena Plickers ce, ita kuma don tes na cikin aji. Yara ba sa buƙatar komai sai takarda. Kana buga katuna, kowane yaro da nasa mai lamba, a jiki akwai wani baƙin zane mai gefe huɗu da 'yan ƙananan haruffa A, B, C, D a gefunan. Ka yi tambaya, yaro ya juya katin yadda harafin amsarsa zai koma sama ya ɗaga, kai kuma ka share ajin da kyamarar wayarka, nan take ka ga wa ya ci wa ya faɗi. Satar amsa ta yi wuya don zanen kowa daban ne. Katunan 63 ne iyakarsu, in ajinka ya wuce haka sai ka raba shi biyu, ta kyautar kuma tambaya biyar take bari a kowane rukuni, kuma wayar malam tana son ɗan data. Kar ka kai a yi musu laminatin mai ƙyalli, haske na hana kyamara karantawa, ka liƙa su a jikin kwali kawai.

Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022 ita ce ta fi bin tsarin karatunmu, akwai darussa da Hausa, kyauta ce, ka yi rajista ka duba. Canva kuwa don zana fosta da takardar aiki ce, ba koyarwa take yi ba.

To maganar katin ATM. Akwai wata manhajar shirya darasi da ta ce gwajin kyauta na mako ɗaya amma a saka kati, mako na cika ta zare kuɗin shekara guda da dala, a watan da albashi bai ma shigo kan lokaci ba, maɓallin soke rajistar kuma an ɓoye shi can ƙarƙashin wani wuri, imel ɗin ƙorafi ba wanda ya amsa. Tun daga nan duk wadda ta ce kyauta amma kawo kati, ko me take iyawa, na barta. In dole sai ka gwada, shiga Play Store wajen biyan kuɗi da rajista ka soke a ranar da ka saka ta.

Sai 'yan damfara, waɗanda yanzu sun gano malamai. Na farko masu sayar da Canva Pro na har abada a guruf-guruf na WhatsApp kan 'yan dubbai. Abin da suke yi shi ne su cusa ka cikin wani asusun makaranta da ba naka ba, ranar da aka rufe asusun kai da zanukanka kun tashi, mai sayarwar kuma ya toshe lambarka. Alhali Canva na bai wa malaman firamare da sakandare nau'in ilimi kyauta in ka tura shaidar kana koyarwa. Na biyu masu sayar da lesin not cikakke na zango uku a PDF, ka biya ka buɗe ka tarar tsohon sikim ne aka canza masa bango, wani ma da sunan wata makarantar a ƙasan kowane shafi, sufeto na zuwa kai za a kama. Na uku masu zuwa wa hedimasta da filas ko laftof wai ɗakin karatu na zamani ne kuɗi kaza duk zango, ka leƙa ka ga Kolibri ce ko Kiwix mai Wikipedia ba intanet, abubuwan kyauta. Mutum ya karɓi kuɗin wahalarsa na sakawa da koya muku, wannan halal ne, amma ba lasisin da za a ce a sabunta.

Sai kuma manhajojin da aka fasa, waɗanda ake turo wa a matsayin APK wai an buɗe komai kyauta. Kar ka saka su a wayar da manhajar bankinka take, mai fasawar bai yi don Allah ba, da yawa suna neman izinin karanta saƙonninka ne inda lambar OTP ke shigowa. Haka nan linkin nan da ke yawo duk farkon zango, gwamnati na raba wa malamai laftof ko tallafi, cike fom ka tura wa guruf biyar. Fom ɗin zai nemi lambarka ta TRCN, hukumar rajistar malamai, don ka yarda, daga nan ya nemi BVN da lambar kati. Duba adireshin da kyau, shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa. Kuma sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu amana ce a hannunka, kar ka zuba su a wata manhajar da ba ka san mai ita ba don kawai ta yi maka alƙawarin haɗa rizol cikin minti biyar. Kolibri a shafin Learning Equality ake sauke ta, Plickers a Play Store, duk wanda ya turo maka su ta wata hanya ka ce masa ka gode.