C ko Rust: Wanne Ya Fi Tare Ambaliyar Ma'ajiya?

A kasuwar Argungu, in shinkafa ta fi ƙarfin mudu, sai ta zube cikin kayan maƙwabci. Haka saƙon da ya fi ma'ajiyarsa girma yake yi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a manhajar raba fayil: ambaliyar ma'ajiya ke nan. Ta irin wannan kafa muguwar manhajar nan WannaCry ta kutsa SMB, tsarin raba fayil na Windows, a 2017.

A C, harshen kwamfuta da aka rubuta manhajar raba fayil ta Samba da shi, kai ne ma'auni: ka guji strcpy (umarnin kwafa da ba ya duba tsawo), ka auna tsawon kowane saƙo kafin ka kwafa. Mantuwa ɗaya ta isa ɓarawo ya shigo.

Harshen Rust kuwa da kansa yake duba iyaka. In an ƙetare, shirin ya tsaya cak. Sai dai koyonsa akwai jan aiki, balle sake rubuta tsohuwar manhaja. Ni dai sabon aiki Rust zan ba.