Tashar Masahiro Sakurai a YouTube: makaranta ce ba kuɗin shiga

Duk mai sha'awar ƙirƙirar wasannin bidiyo, ina ba shi shawarar ya leƙa tashar nan. Sakurai ɗan Japan ne, shi ya ƙirƙiro wasan Kirby a 1992, sannan wasan Super Smash Bros. a 1999. A watan Agustan 2022 ya buɗe tashar don koyar da sana'ar, ya kammala darussan a Oktoban 2024, amma bidiyoyin na nan. Ba ya sa talla, kuma kusan yen (kuɗin Japan) miliyan 90 ya ce ya kashe daga aljihunsa.

Darasin da ya fi zauna min a kai shi ne na tsayar da hoto. Idan ɗan wasa ya kai wa abokin gaba naushi, sai a daskarar da komai na ɗan ƙiftawar ido, kafin a ci gaba. Ya nuna bugu ɗaya sau biyu, da tsayarwar da kuma babu ita. Wallahi na biyun kamar an daki iska. Haka ya yi bayanin kasada da lada da tsohon wasan Space Invaders: in kana son harbinka ya samu, dole ka shiga inda za a iya harbinka.

Yawancin bidiyoyin gajeru ne, ba sa cinye data. Amma da Japananci yake magana, fassarar Turanci a rubuce take a ƙasan hoton, don haka ba abin saurare ba ne kana wanke-wanke. Kuma ba zai koya maka rubuta manhaja ba, wannan sai ka nema wani wuri.