GTX 1650 ko RX 580 a tsohuwar Dell: ga wanda za ka saya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ka ce injinka Dell OptiPlex 9020 ne mai i5-4570 da RAM 8GB, kuma hankalinka ya rabu tsakanin katunan hoto biyu, GTX 1650 na kamfanin Nvidia da RX 580, don wasa da watsa bidiyo, to ka ɗauki GTX 1650. Duka biyun sun shigo hannuna, ɗaya yana kan teburina har yau, ɗayan ko sunansa ba na son ji.

Nawa injin ɗan gidan naka ne, na hannu na saye shi. Ranar da na kawo 1650, murfi kawai na buɗe na danna shi a raminsa, shi ke nan. Wat 75 yake ci, kuma irin nawa daga babban allon cikin kwamfutar (motherboard) yake jan wutarsa, ba ya neman wata waya daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Wannan shi ne zancen gaba ɗaya a irin injinanmu, domin fawa-fak ɗin 9020 babba wat 290 ne, na 9020 mai siririn akwati bai ma kai haka ba, kuma babu wayar da manyan katuna ke buƙata. Ga shi Dell sun yi masa mahaɗi irin nasu mai fil 8, ba ka cire shi ka sa na kasuwa sai da adafta.

Abin da ya sa katin nan ya shiga raina ya faru ne da ƙaramar Sallah. Matasan layinmu a Tudun Wada suka shirya gasar wasan ƙwallon bidiyo na eFootball a shagon wani ƙanina, suka roƙe ni in watsa musu kai tsaye a Facebook. Ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe aka ɗauke wuta. Ƙaramin inbata gare mu, amma ya riƙe kwamfutar da allonta har aka ɗaga kofi, hoto bai tsinke ba. Wani yayansu da ke aiki a Fatakwal ya kalla tun daga farko, ya bugo waya yana ta sa albarka. Wallahi daɗin da na ji ranar ya biya ni kuɗin katin.

Sirrin yana wurin NVENC, wani ɓangare ne a cikin katin Nvidia da ba shi da aiki sai matse bidiyo. Ka shiga OBS, manhajar naɗa da watsa bidiyo wadda kyauta ce, ka zaɓe shi a madadin x264 mai matse bidiyo da firosesa, sai nauyin naɗa da watsawa ya sauka daga kan firosesa. Ka tuna i5-4570 na 2013 ne, ƙwaya huɗu gare shi. Idan ka ɗora masa wasa da naɗa a lokaci guda, dole hoto ya riƙa sarƙewa. Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye maka ba: 1650 na farko da ya fito a 2019 tsohon samfurin NVENC ne a cikinsa, na 1650 Super da 1660 ya fi tsabtar hoto. Sai dai su waɗannan suna neman ƙarin waya, ka ga an koma gidan jiya.

RX 580 kuwa ya fi ƙarfi a wasa, kuma 8GB ɗinsa ya ninka 4GB na 1650, ban hana shi wannan ba. Amma wat 185 yake sha, sai ka sayi fawa-fak mai wat 500, kuma hoton da yake watsawa yakan dagule idan intanet ba ta da ƙarfi. Nawa da zafin Afrilu ya zo, fankarsa kamar injin markaɗe, bai yi wata huɗu ba ya mutu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. A wanke su, a sa a sabon kwali, a rantse maka ba a taɓa amfani da su ba. Haka aka yi mini. Akwai kuma mai suna RX 580 2048SP, wanda a zahiri ɗan'uwan RX 570 ne. Ɓangaren Nvidia ma bai tsira ba, ana ɗaukar tsohon GTS 450 a sauya masa suna ya koma GTX 1050 Ti. Don haka kada ka biya kuɗi kati yana cikin leda. Ka ce a sa shi a inji a gabanka, a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a kunna wasa na minti ashirin kana kallon zafinsa. Wanda ya ce ba shi da wuta ko yana sauri, ka yi masa sallama.

Canjin da ya rage ka kai RAM 16GB irin ta DDR3, ka sa SSD, wato ma'ajiyar da ta fi tsohon faifai sauri. A wurin tace bidiyo su biyun nan za ka fi jin bambancinsu, kuma ka bar tsohon faifan ya zama ma'ajiyar abin da ka naɗa. Daga nan ka tsaya, kada ka ƙara zuba kuɗi, domin Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar firosesan wannan zamanin a hukumance.

Ka fara watsawa a 720p da 3000 kbps, wajen 1.3GB na data ke nan a awa ɗaya. Idan akwatinka siririn ne, ka tabbata gajeren katin aka ba ka tare da ƙaramin ƙarfensa na baya, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Ka samu wanda ya kwanta maka, ka turo hoton GPU-Z ɗinsa nan mu duba tare kafin ka miƙa kuɗi.