Na'urar sanyaya man inji a tsohuwar motar shiga daji: abin da ta iya da inda ta gaza

Kayan da nake magana a kansu sun zo ne a kwali ɗaya: ƙaramin lagireto na alminiyam mai layi 19, da faranti mai tamostat (bawul da zafi yake buɗewa) wanda ake ɗaurawa tsakanin jikin inji da filtar mai, da tiyo biyu masu girman AN-10, sai ƙarafan ɗaurewa da kusoshi. Na sa su a tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, mai injin fetur silinda shida, wadda masu ƙera ta ba su sa mata komai na sanyaya baƙin mai ba in ban da iskar da ke bugun kaskon da ke ƙasan inji.

Gejin zafin da ke gaban direba na ruwa ne, ba ya faɗin komai game da mai, kuma ruwa yana iya zama daidai alhali mai ya yi zafin da ya wuce kima. Saboda haka kafin in sayi na'urar sai da na sa gejin zafin mai, na ga cewa a doguwar hawa da kaya, ko a cikin yashi mai laushi, allura tana haura digiri 120 a ma'aunin Salshiyas. Man inji ya fi yin aikinsa tsakanin digiri 90 zuwa 110. Idan ya wuce nan sai ya tsinke, matsinsa ya ragu, kuma saurin lalacewarsa yakan kusan ninka a duk ƙarin digiri 10. A tsohon inji da mital ɗinsa ya riga ya ci, wannan tsinkewar ita ce take sa fitilar mai ta riƙa ƙiftawa idan mota ta tsaya tana aiki a hankali. Wanda gejinsa bai taɓa nuna masa irin wannan zafin ba, a ganina ba shi da dalilin sayen na'urar.

Abin da ya fi burge ni a cikin kayan shi ne farantin nan mai tamostat. Muddin mai bai kai kimanin digiri 80 ba, yawancinsa yana wucewa kai tsaye zuwa filta ba tare da ya zaga ta lagireton ba, sai ya yi zafi sannan hanyar ta buɗe. Mutane da yawa suna zaton sanyin mai alheri ne ko da yaushe, alhali man da bai yi zafi sosai ba ba ya iya fitar da danshi da ɗigon fetur da suke taruwa a cikinsa, kuma daga nan ne dagwalon da ake gani a ƙarƙashin murfin zuba mai yake samuwa. Ana sayar da faranti marar tamostat wanda ya fi araha, amma ba zan sa shi a motar da ake tayarwa da sanyin safiya a yi gajeriyar tafiya da ita ba. Dole ne kuma mai saye ya tabbatar da irin zaren da filtarsa take ɗauruwa a kai, domin 3/4-16 da M20x1.5 suna kama da juna a ido, har ɗaya yakan fara hawa kan ɗaya, amma ba zai riƙe ba idan matsi ya taso.

Lagireton kansa ba ni da ƙorafi a kansa, waldarsa tsaf take. Tiyon ne da ƙarafan ɗaurewa suka ba da kunya. Tsawon tiyon bai isa a kewaya da shi nesa da bututun salansa ba, sai da makanike ya haɗa wasu masu tsawo, ya kuma sa musu rigar kare zafi da roba a duk inda suka taɓa ƙarfe, saboda tiyo mai saƙar waya yana cin duk abin da yake gogawa kamar zarto. Ƙarafan ɗaurewar kuwa sirara ne, irin waɗanda za su iya zama a motar da ba ta barin kwalta, amma ba za su jure girgizar hanya mai gargada ba. An ƙera wasu masu kauri, aka sa roba a tsakani domin kada murɗewar jikin mota ta tsaga alminiyam ɗin. An kuma kafa lagireton bakunansa suna kallon sama don kada iska ta maƙale a ciki.

A kan buɗaɗɗiyar hanya sakamakon ya fito fili, domin hawan da a da yake kai allura sama da 120 yanzu yana barin ta kusa da 100, kuma matsin mai ya daina faɗuwa idan aka tsaya bayan doguwar tafiya. A cikin daji labarin ya sha bamban. Mota tana rarrafe a ƙaramar giya, inji yana aiki tuƙuru, amma iskar da ke ratsa lagireton ba ta taka kara ta karya ba, sai wadda fankar inji ta janyo. Tunda kuma a gaban lagireton ruwa aka kafa shi, iskar da take isa na ruwan ta riga ta ɗumama, har gejin ruwa ya ɗan ɗaga fiye da yadda ya saba. Sai da aka ƙara ƙaramar fanka ta lantarki mai kunna kanta da zafi sannan na'urar ta yi amfani a wurin da aka saye ta dominsa, kuma fankar ba ta cikin kwalin, takardar bayanin ma ba ta ambace ta ba.

Taɓo yana toshe ramukan lagireton, idan ya bushe kuma tamkar babu na'urar ne, don haka wanke shi da ruwa marar ƙarfi ya shiga cikin hidimar motar. Raga ta ƙarfe a gabansa wajibi ce, domin tsakuwa ɗaya tana iya huda shi, famfon mai kuma ya zubar da man inji cikin ƙanƙanin lokaci. Injin yanzu yana ɗaukar ƙarin mai fiye da rabin lita, kuma a lokacin juye wani kaso na tsohon yakan saura a cikin tiyo da lagireto, saboda haka ana duba sandar awo ne bayan inji ya yi zafin da tamostat ya buɗe, sannan a cika abin da ya ragu.