Ƙwayar gyaran fata ko kwaɗon zogale da goba? Amsa ga 'yar uwarmu ta Jega

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya wanne ya fi don gyaran fata. Tsakanin ƙwayoyin gulutatayon (wani sinadari da ake sayarwa don hasken fata) da bitamin C da aka tallata miki, da kayan lambun da kike shakkar ko za su wadatar, ni dai shawarata ki riƙe kuɗinki ki shiga kasuwa ki yi cefane.

Jiki kullum cikin ƙona abinci yake da iskar da muke shaƙa, kuma a nan ake samun wasu ƙananan sinadarai da likitoci ke kira firi-radikal. Kowanne yana da giɓin ilektron ɗaya (wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na sinadari), sai ya fizge daga abin da ya samu kusa: bangon ƙwayar halitta, ko kolajin ɗin da ke riƙe fata kada ta saki. Ranar Kebbi ta watan Maris da Afrilu tana ƙara yawansu, haka hayakin itacen murhu da na taba. Ki yanka yalo ki ajiye, za ki ga ya yi duhu. Ki matsa masa lemon tsami, sai ya daɗe da haskensa. Aikin antioksidan ke nan, wato sinadarin kariya irin bitamin C da E, yana ba firi-radikal ilektron ɗin su lafa kafin su yi ɓarna. Bitamin C yana aiki a ruwan jiki, bitamin E a ɓangaren kitse, kuma idan E ya gama aiki C ne ke farfaɗo da shi. Aikin gayya suke yi, shi ya sa kwano ɗaya mai haɗi ya fi sinadari guda a kwalba.

Bayan na yaye autana fatata ta bushe ta dushe, leɓe duk ya tsage da hunturu. Goggona ta Argungu, Allah ya ƙara mata lafiya, ita ta ɗauke ni a hannu. Zogale ba ta barin ya daɗe a wuta, yana yin laushi take saukewa, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka ɗanyen tumatir da albasar Aliero, ta ɗiga man gyaɗa ta cakuɗa da hannu. Goba kuwa sai na ci da bawonta tana zaune tana kallona. Da rana ta jiƙa farin garin 'ya'yan kuka ta dama mini da nono, da dare man kaɗanya bayan wanka. Daga baya na gane hikimar: zafi yana lalata bitamin C, gyaɗa tana da bitamin E, man kuma yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin karotin da ke ganyen. Ban yi fari ba, kuma ba shi nake nema ba. Fatar ce ta yi laushi ta yi sheƙi, amma sai da aka ɗauki watanni, don saman fata kan ɗauki kusan wata guda kafin ya sabunta.

Mace baliga tana buƙatar kamar miligiram 75 na bitamin C a rana. Giram 100 na goba yana da sama da miligiram 200, lemon zaƙi kuma kusan 50. Goba ɗaya mai kyau ta biya miki bukatar yini. Jan da ke zobo, da na tumatirin miya, da na manja, duk antioksidan ne iri-iri. Zobon dai a rage masa sukari.

Ƙwayoyin kuwa, ina da kwalba ɗaya da ta rage a ɗaki, ban ga abin da ta ƙara mini ba. Bitamin C yana da amfani ga wanda likita ya ga yana da ƙaranci, amma abin da ya yi wa jiki yawa fitsari yake bi, idan kuma ya wuce miligiram 2000 a rana yana iya kawo gudawa. Gulutatayon jiki da kansa yake haɗa abinsa, musamman a hanta. Kuma ba kullum yawa ke nufin alheri ba: a binciken da aka fitar a 1994 kan maza masu shan taba kusan 29,000 a Finlan, waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin, wanda shi ma antioksidan ne, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100.

Ba ki tambaya ba, amma don Allah ki kiyayi masu sayarwa a WhatsApp da Instagram da ke cewa haɗinsu na gida ne, sati biyu kin yi fari. Antioksidan ba ya aiki haka. Man da ya sauya launi da wannan sauri, akwai yiwuwar an zuba masa haidirokwinon ko siteroyid ko makuri, siteroyid yana sa fata ta yi siriri, ya kawo nankarwa, makurin ma har ƙoda yake taɓawa. Allurar gulutatayon a shago ko a gida, kada ki yarda ko kyauta ce. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC da ranar daina aiki, ki ajiye musu. Ruwan bitamin C na shafa fuska idan ya koma ruwan ƙasa, zafi da iska sun riga sun lalata shi, komai za su ce miki.

Ki zaɓi cefane, ki haɗa da laima ko man kare rana idan za ki fita da tsakar rana, ki matsar da murhu inda hayaki ba zai dinga dukan fuskarki ba. Idan kina da juna biyu, maganin ƙarin jini da ake ba ki wurin awo daban ne, ki ci gaba da shan abinki, zobon kuma ki tambayi ma'aikaciyar jinya kafin ki yawaita.