Abincin dare da gajerun finafinan ban tsoro a Wuse 2: fim ɗaya ya yi, shi ma an hana ni ganin ƙarshensa

Tun farkon watan Oktoba maiɗakina ta ga tallar a Instagram ta turo mini, wai wasu matasa masu harkar fim sun haɗa kai da wani gidan abinci a Wuse 2, nan Abuja, za su shirya dare guda na gajerun finafinan ban tsoro, kuma tikiti ɗaya ya ɗauke wa mutum abinci da kallo. Ba zan kama sunan wurin ba, domin ba na son a ce na taɓa hanyar abincin wani, kuma ba sai na faɗi abin da na biya ba, tunda duk wanda ya taɓa zama cin abinci a wannan yanki ya san yadda ake fitowa da aljihu. Shekararmu goma sha ɗaya da aure, kuma rabon da mu fita mu biyu babu yaro ko ɗaya a kujerar baya har na manta, saboda haka na sayi tikiti biyu, ranar Asabar ɗin muka kai yara gidan ƙanwata a Kubwa, muka kama hanya bayan sallar magariba.

Ya kamata in bayyana irin mai kallon da nake, don kada a ɗauka tsoro ne ya sa nake ƙorafi. Ni ɗan Fagge ne, a bakin silimar Plaza na yi ƙuruciya, na sha dukan yayyena a kan satar zuwa kallon finafinan Indiya da na Chana. Amma tsoro na gaske ba a allo na fara saninsa ba, a ɗakin kakata na san shi, wadda idan ta ce "ga ta nan ga ta nanku" ta ɗauko labarin Dodo, babu yaron da zai iya fita fitsari shi kaɗai sai gari ya waye. Ita ce ta hana mu shara da dare, da fito, da zubar da ruwan zafi ba tare da bisimilla ba, kuma a gidanmu idan an kira magariba an kife turmi ke nan sai gobe.

Mun isa da misalin bakwai saura kwata. An ƙawata wurin da auduga da aka yayyaga ta zama kamar saƙar gizo-gizo, da kabewa guda huɗu da aka fafe aka yanka musu ido da baki aka kunna kyandir a ciki, irin yadda ake yi a Amurka a daren 31 ga Oktoba. Maiɗakina ta tsaya ta daɗe tana kallon kabewar nan, sannan ta ce, "Abban yara, wannan ai miyar taushen gida huɗu ce aka wulaƙanta." An tarbe mu da zoɓo a dogayen kofuna, mai miƙowa yana cewa jini ne, ni dai na sha na ji zoɓo ne mai kyau, citta da kanumfari sun ji. Da lokacin isha'i ya yi na nemi wurin salla, sai aka nuna mini wani lungu kusa da janareta, inda na tarar da mai gadi da direbobi biyu, muka yi jam'i a kan kwali. Wannan ban riƙe shi a zuciya ba, na saba da hakan a irin waɗannan wurare.

A takardar shirin an rubuta cewa za a kawo abinci ƙarfe bakwai, a fara fim takwas da rabi. Takwas ta yi babu abin da ya sauka a teburinmu sai gyaɗa. Da farfesun kayan ciki ya iso, takwas da kwata, maiƙon ya riga ya daskare a gefen kwano, alamar an daɗe da zubawa an ajiye. Gasasshiyar tarwaɗar da na zaɓa kuwa ba ta zo ba sai da aka kashe fitilu, don haka a cikin duhu na ci ta, ina lalubar ƙaya da harshe, ga mutum a allo ana bin sa da wuƙa. Ba zan ce kifin bai yi daɗi ba, yajin ya ratsa shi, amma duk wanda ya yanke shawarar a ba mutane kifi mai ƙaya a ɗakin da babu haske bai taɓa zama ya gwada ci da kansa ba.

Finafinai takwas aka nuna. A ƙa'idar masu ba da kyautar Oscar, gajeren fim shi ne wanda bai wuce minti 40 ba, amma waɗannan duk ba su kai rabin haka ba, mafi tsawo a cikinsu minti goma sha takwas ne. Biyar na farko ba su da abin da zan tsaya a kai. Kwaikwayon finafinan Amurka ne tsagwaronsa: mutum da fuskar roba, budurwa tana gudu tana faɗuwa, jini mai kama da manja da aka dama da tumatirin gwangwani, sai kuma a ƙure sauti ba zato don mutum ya zabura. Ɗaya da aka yi da Yarbanci na so in bi labarinsa, amma an ɗora majigin a karkace, layin ƙarshe na fassarar da ake rubutawa a ƙasa yana sauka a bango maimakon allo. Zuwa fim na biyar na riga na yanke hukunci cewa kuɗina sun tafi, har na fara lissafin man da zan ƙona zuwa Kubwa da dawowa.

Sai aka sako na shida, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Da Hausa aka yi shi, minti goma sha biyu, 'yar wasa ɗaya tak, a wani gidan ƙasa na ƙauye. Amarya ce aka kawo, mijin ya tafi cin rani, kuma ɗakin da ke kallon nata na uwargidan ne da ta rasu, an rufe shi da kwaɗo. Babu kiɗa ko kaɗan a fim ɗin, babu jini, babu fatalwa mai farin mayafi. A daren farko tana kwance, fitilar ƙwai tana ci, sai ta ji daka daga bayan ɗakin nan, taɓarya ɗaya, a hankali, irin dakan wadda ba ta sauri. Ta leƙa, turmi yana kife inda ta bar shi. A dare na biyu dakan ya dawo, ya fi na jiya kusa.

A nan dole in yaba wa masu shirin, domin duk da karkataccen majiginsu, lasifikokin da suka kawo masu kyau ne, kuma sun ajiye babba guda a ƙasa don sauti mai kauri. Kunnen mutum yana fara jin sauti ne daga wajen girgiza 20 a daƙiƙa, kuma sautin da ya yi kusa da wannan iyaka ƙirji ne yake fara karɓarsa kafin kunne ya tantance shi. Haka saukar taɓaryar nan take, ina jin ta a teburin da na dafa, har cokalin da ke cikin kwanon farfesu yana motsi. Tsigar jikina ta tashi, na tuna kakata da kifaffen turminta, kuma na lura cewa har waɗanda ba sa jin Hausa a ɗakin sun daina tauna.

A dare na uku amaryar ta gaji da tsoro. Ta fito tsakar gida, ta tayar da turmin, ta zuba gero, ta ɗauki taɓarya ta fara daka da ƙarfi don ta danne wancan sautin. Sai ɗaya taɓaryar ta fara amsa mata, tana sauka daidai tsakanin bugunta da bugunta, wato lugude. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san ba a lugude da mutum ɗaya, kuma ya san cewa masu lugude a turmi ɗaya suke daka, suna fuskantar juna. Daraktar ba ta nuna kowa ba, ta bar mu da fuskar yarinyar lokacin da ita ma ta gane haka. Ta tsaya cak. Ɗaya taɓaryar ta ƙara sauka sau uku, sannan ta yi shiru. Ɗakin ya yi tsit, ko tari babu mai yi, maiɗakina ta riƙe mini hannun riga, kyamara ta fara sunkuyawa a hankali zuwa cikin turmin.

A daidai wannan lokaci wani haske ya dallare mini ido, aka taɓa kafaɗata. Na zabura har gwiwata ta bugi tebur. Yaron da ke yi mana hidima ne, ya sunkuyo da na'urar POS a hannu ɗaya da fitilar waya a ɗayan, ya ce, ba ma cikin raɗa ba, "Yallaɓai, netwok ya dawo, a sa kati." Na ce, "Haba samari, ka bari a gama mana." Ya ce manaja ne ya ce a karɓi kuɗin abin sha yanzu kafin netwok ya sake ɗaukewa. Ya tsaya kuma a tsakanina da allon, faɗin bayansa ya rufe komai. Ina ƙoƙarin leƙawa ta gefensa sai na ji ɗakin gaba ɗaya ya ja numfashi, wata mata a baya ta yi salati da ƙarfi, kafin ya matsa kuma allon ya yi baƙi, sunaye sun fara hawa, ana tafi.

Na daɗe ban ji ɓacin rai irin na wannan lokaci ba. Awa biyu da rabi na zauna, na haƙura da farfesu mai sanyi, na haƙura da ƙayar kifi, na haƙura da finafinai biyar marasa kan gado, duk don daƙiƙa goma da ban ma san suna tafe ba, kuma da suka zo sai aka sayar mini da su a kan kuɗin zoɓo. Ban ga laifin yaron sosai ba, aike aka yi masa, kuma daga yadda yake zufa na san shi ma a matse yake. Laifin na wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan bikin fim ne, amma bai iya gaya wa ma'aikatansa cewa idan an kashe fitila a daina zirga-zirga ba. Ko a Plaza ta wancan zamani, inda ake ihu ana tafi ana jifa da ɓawon rake, mai gyaɗa ya san lokacin da zai tsuguna.

Na tambayi maiɗakina abin da ke cikin turmin. Ta ce, "Wallahi Abban yara, ba ya faɗuwa, sai ka gani." Na matsa mata a mota ta gaya mini, kuma gaskiyarta ne, da baki bai zama komai ba, shi ya sa ni ma ba zan rubuta shi a nan ba.

Bayan fim na takwas, wanda ban fahimci komai a cikinsa ba saboda raina a ɓace yake, an kira waɗanda suka shirya finafinan gaba don amsa tambayoyi. Daraktar fim ɗin turmi yarinya ce ƙarama, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, ta yi magana a natse, ta bayyana cewa a gidan kakanninta ta ɗauki fim ɗin cikin dare uku, kuma gwaggonninta biyu ne suka yi mata luguden ta naɗi sautin daban. Jin haka zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, ko don wannan yarinya fitowar ta yi amfani, domin tun da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano wajen 1990, yawancin abin da na gani da sunan aljanu hayaƙi ne da jan ido da dariyar da ake sa wa amsa-kuwwa, ban taɓa ganin wanda ya ɗauki kayan tsakar gida ya tsorata ni da shi haka ba. Har na je na gaishe ta, na yi mata fatan alheri, na fito ina cewa zan ba wurin uzuri.

Uzurin bai kai mota ba. Da na duba rasit a ƙarƙashin fitilar bakin ƙofa, sai na ga zoɓon da aka tarbe mu da shi, wanda babu wanda ya tambaye mu ko muna so, an rubuta shi a lissafi, an ɗora kuɗin hidima, sannan an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan duka. Kuɗin hidima, ga hidimar da aka yi mini. Ana wata ga wata, na buɗe waya na ga alat biyu: ashe karon farko da na'urar ta ce bai shiga ba, a cikin duhun nan da nake danna lambobi ina leƙen allo, kuɗin sun fita. Na koma ciki na nemi manaja, ya duba wayata ya ce wannan tsakanina da bankina ne. Na gaya masa abin da yaronsa ya yi mini a tsakiyar fim, ya yi murmushi ya ce ai dare ne na tsoro, an ƙara mini ne kyauta. Maiɗakina ce ta ja ni muka fita, don ta ga fuskata ta sauya.

Kuɗin sun dawo ranar Laraba, bayan na je banki na cike takarda. Idan sun sake shiryawa baɗi, kuma na ji wannan yarinya tana da sabon fim, zan je, amma zan ci tuwona a gida, in biya komai tun a bakin ƙofa, in zauna a tsakiyar layi inda babu mai iya ratsowa ya taɓa ni. Na nemi fim ɗin a YouTube ban same shi ba. Na tura wa masu shirin saƙo a Instagram ina roƙon ko za su haɗa ni da daraktar in biya in kalli minti ɗaya na ƙarshe, alama ta nuna sun buɗe saƙon tun ranar Litinin, kuma har yau ba su ba ni amsa ba.